Ranar da na ce wa Baba an daina yayin wayoyin haɗi

Tun da Sale ya riga ya yaɗa labarin nan har da ƙarin gishiri, gara ku ji daga bakina. Ban yi kuka ba, ƙura ce ta faɗa mini a ido. Sauran abin da ya faɗa kuwa, to, akasarinsa haka aka yi.

Kun dai san akwatin. Ɗan baƙin nan mai ratsin ruwan goro da na saya wata takwas da suka wuce, wanda duk wanda ya taka ƙofar gidana sai na fito masa da shi. Batir ne na tafi-da-gidanka, bai fi littafi mai kauri girma ba. Yana cajin waya, yana da tocila, babban aikinsa kuma shi ne tada motar da batirinta ya mutu: ka maƙala wasu 'yan wayoyi biyu masu baki irin na kada, ka murza makulli, shi ke nan. Ba turi, ba tsayuwa a bakin titi kana ɗaga wa mutane hannu. A jikin kwalin an rubuta 2000A da 20000mAh, ni kuwa na haddace su fiye da lambar wayar matata Hadiza.

Ranar Asabar aka fita shan iska bakin dam, mota uku: tawa, ta Sale, da ta Baba surukina. Yadda aka yi Baba ya yarda ya biyo mu, ku tambayi 'yarsa. Aka yini, yara suka sha guje-guje, Auwalu ya saki sifikarsa tun hantsi, ban kuma tambayi kaina daga ina take samun wuta ba. Ku riƙe wannan.

Dab da magariba aka tattara kaya. Baba ya shiga mota ya murza makulli. Ƙyat. Ya sake murzawa. Ƙyat-ƙyat-ƙyat. Fitilun gaban sitiyari suka yi dishi-dishi suka ɗauke.

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Wata takwas ina jiran motar wani ta mutu a gabana, ga shi ta mutu, kuma ta surukina. Abin nema ya samu.

Baba ya fito a natse ya ce, "Kabiru, akwai wayoyin haɗi a but ɗina. In ka matso da motarka sai a haɗa."

Ni kuma, da bakin nan nawa, a gaban Hajiya, a gaban Hadiza, a gaban Sale da matarsa da yara bakwai, na ce, "Haba Baba, ai an daina yayin wannan. Ku dai ku huta ku sha kallo."

Ku sha kallo. Ni na faɗa. Har yau in na kwanta sai kalmar ta dawo mini.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ɗauko akwatin na ɗora a kan bonet, na buɗe zif a hankali kamar likita zai fito da kayan tiyata, na shiga ba da lacca. Na ce batirin mota bolt 12 ne, in ya cika lafiya lau yana kai 12.6. Na ce abin da ke juya injin yana jan wuta mai yawa, amfiya ɗari-ɗari, amma na 'yan daƙiƙoƙi kawai, shi ya sa ƙaramin batirin lithium irin wannan yake iya yin aikin da a da sai an jawo wata mota. Na ce da zarar injin ya tashi, altaneta ce za ta karɓi aiki ta riƙa ba wa batir wajen bolt 14. Har na ƙara da cewa in ka lissafa 20000mAh a kan bolt 3.7 ya kama 74Wh, wato bai kai 100Wh da kamfanonin jirgin sama suka ƙayyade ba, ana iya shiga jirgi da shi a jakar hannu. Babu mai shirin hawa jirgi a wurin. Baba dai yana ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da yake yi wa masu talla.

A nan ne mai jar hula ya iso.

Dole in tsaya a kan mutumin nan. Ba mu san shi ba, ba mu kira shi ba. Tun rana yana can gefe da fatsarsa, kuma ni shaida ne ko kwaɗo bai kama ba. Da ya ga an buɗe bonet sai ya jingine fatsar ya taho, hannuwa a goye a baya, ya tsaya daidai kafaɗata har ina jin numfashinsa. Bai yi sallama da ni ba, Baba kawai ya gaisar. Ya dubi akwatina ya ce, "Uhm." Iyakar abin da ya ce ke nan da farko, amma wallahi na taɓa jin zagin da bai kai wannan "uhm" ɗin ciwo ba. Akwai irin mutanen nan a duniya, ba su da aiki sai jiran inda za a yi abin kunya su zo su tsaya a sahun gaba. Ba su taimaka maka, ba su tafiya. In ka juya dama suna dama, in ka sunkuya su ma su sunkuya. Hular ma ta yi masa kaɗan, a tsakar kai take zaune kamar murfin kwalba, kuma duk abin da aka yi ba ta ko motsa ba. Na fi minti ashirin ina fatan iska ta ɗauke ta.

To, na kama bakin kadan nan guda biyu. Ja a kan alamar tarawa, baƙi a kan alamar ɗebewa, ko yaro ya san wannan, ni ma na faɗa da ƙarfi don kowa ya ƙaru. Sai dai duhu ya fara, kan batirin Baba kuma ya yi wani farin gari kamar an barbaɗa masa toka, ba ka ganin alama ko ɗaya. Na canka. Na maƙala.

Fiii! Fiii! Fiii! Akwatin ya fasa ihu, jar fitila tana ƙiftawa. Ƙaramar 'yar Sale ta fashe da kuka ta ruga bayan uwarta. Hajiya ta ja da baya tana salati.

Na ce, "Yawwa, yana gwada batirin ne."

Mai jar hula ya ce, "Ka juya su ne, Alhaji."

Gaskiyarsa ne, na juya su. Ihun nan shi ne kariyar da aka yi wa na'urar: in ka haɗa a baibai ba za ta saki wuta ba, sai ta yi ƙara. Da a ce tsofaffin wayoyi ne na juya haka, da tartsatsi ya tashi, da wataƙila fiyus ko wani abu mai tsada ya ƙone a motar surukina. Wannan ne kaɗai alherin da akwatin ya yi mini a ranar, kuma ya yi shi ne ta hanyar sanar da duk bakin dam cewa ban san ja da baƙi ba.

Na cire, na gyara. Yanzu sai a danna maɓalli. Maɓallai biyu ne a jiki, ni kuma ban taɓa danna su a duhu ba. Na danna na farko na riƙe. Tocila ta kama, fes a fuskar Baba. Ya kare ido da hannu. Na yi sauri na sake dannawa don ta mutu, sai ta koma walƙiya, fal-fal-fal, kamar motar 'yan kwana-kwana. Na sake dannawa, ta koma alamar neman ceto: gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku. Duk wannan a fuskar Baba, domin hannuna ya sandare, ban yi tunanin kawar da ita gefe ba. Dattijon nan yana tsaye da babbar riga, fuskarsa tana bayyana tana ɓacewa, bai ce komai ba. Da ya yi faɗa ma da na ji sauƙi. A bayana kuwa ina jin wani sauti kamar taya tana sacewa, ashe Sale ne ya toshe baki da hula yana shiɗewa.

Mai jar hula ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Da ƙyar na gano maɓallin gaskiya. Na ce, "Baba, bismillah, ku murza." Ya murza. Injin ya yi wani nishi guda ɗaya, irin na wanda aka tasa daga barci ya juya ya ci gaba, sai shiru. Na ce a jira rabin minti, haka ƙa'idar take, ba a matsa masa a jere. Wannan ma gaskiya ne, amma rabin mintin nan ya fi mini shekara tsawo, kowa ya yi tsit yana kallona ina kallon agogo. Aka sake. Ƙyat.

Sai a lokacin na duba 'yan fitilun da ke nuna caji. Huɗu ne. Ɗaya ce take ci, ita ma tana ƙiftawa kamar mai neman gafara.

Na ɗago kai na nemi Auwalu. Yana can bayan motar Sale ya duƙufa yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Ku da kuka san Auwalu ba sai na yi dogon bayani ba. Shi ne dai mai aron caja ta shekarar bara. Ashe tun da muka iso ya buɗe but ɗina ya ɗauki akwatin, ya jona sifika, ya jona wayarsa, ya kuma yi wa duk wanda ya nema alheri da wutata, sannan ya mayar cikin jaka ya ja zif kamar ba a taɓa ba. Daga baya da na karanta 'yar takardar cikin kwalin, wadda ban taɓa warwarewa ba, na ga an ce a riƙa yi masa caji duk bayan wata uku ko ba a yi amfani da shi ba, kada a bar shi cikin mota a rana domin zafi yana cinye irin wannan batir, kuma kada a nemi tada mota da shi in cajin bai kai rabi ba. Ni sau ɗaya na yi masa caji, ranar da na saya, tun ranar kuma yana but yana gasuwa in ban da ranakun da nake fito da shi nuni. Amma wannan ba ya wanke Auwalu.

Ina cikin wuƙi-wuƙi sai mai jar hula ya ce, "Ɗan matsa." Ya sa yatsa biyu ya kama kan batirin ya girgiza, abin ya juya a hannunsa sakwaf. Ya sunkuya ya ɗauki dutse. Dutse, jama'a, na ƙasa. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ya goge farin garin da gefen rigarsa, ya ce, "Baba, murza."

Motar ta tashi tun kafin Baba ya gama murzawa.

Ya ce, "Batirinku lafiyarsa lau, kansa ne ya saki. In kun je gida a ɗaure da sifana." Ya yar da dutsen kusa da ƙafata. Zan iya rantsuwa da gangan ya yi.

Na tattara wayoyina na cusa a jaka, tocilar har lokacin tana neman ceto ta cikin zif. Na ce kowa ya shiga mota dare ya yi. Na zauna, na sa makulli, na lura ashe yana ciki ma tun ɗazu, a murɗe rabi. Na ƙarasa murzawa.

Ƙyat-ƙyat-ƙyat.

Ashe da wutar akwatin ta yi ƙasa bayan azahar, Auwalu ya koma motata. Rediyo, fanka, cajin waya, ƙofa a buɗe fitila tana ci, awa huɗu ko biyar injin a kashe. Hadiza ta dube ni, ta juya ta dubi taga. Sale ya leƙo ya ce ko a tura, alhali ya fi kowa sanin motata atomatik ce, turi ba ya tada ta. Don dai ya ji na faɗa da bakina ne.

Baba bai ce uffan ba. Ya matso da motarsa gaba da gaba da tawa, ya buɗe but, ya fito da wayoyin nan da aka daina yayinsu, a naɗe cikin tsohon buhu, robarsu duk ta koɗe. Ya naɗe hannun riga. Ja a kan tarawa na batirina, ɗaya jan a nasa, baƙi a kan ɗebewa na batirinsa, ɗaya baƙin ya nemi wani ƙarfe a jikin injina ya maƙala. A tsakiyar aikin ya tsaya, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Kabiru, ɗan haska mini da abin nan naka."

Na haska. Gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku.

Mai jar hula, wanda har yanzu bai koma wurin fatsarsa ba, ya ce, "A'a, ai yana da amfani."

Sale ya karɓi lambar mutumin, wai don wata rana. Na ga abin da ya rubuta a wurin suna, ba zan maimaita ba. Shekaranjiya Baba ya aiko Auwalu da wayoyin haɗin, a cikin buhunsu, ya ce in ajiye a mota shi ya sayi wasu. Ban san yadda zan fassara wannan ba, Hadiza ta ce kyauta ce kawai.

Akwatin yana kan tebur tun ranar, fitila ɗaya. Na so in yi masa caji, sai na tarar wayar cajin ba ta cikin jaka. Baƙa ce, gajera, an ɗan naɗe bakinta da salatif. Auwalu ya ce bai taɓa ganin ta ba.