Kwana uku, gari huɗu, wai an ga Turai

Da na ga hotunan da mutuminmu ya ɗora jiya har da rubutun "mun zagaye Turai", sai da na ajiye waya na yi dariyar takaici. Zagaye? Kun dai san ina cikin tafiyar. Ni ne a bayansa a hoto na uku, rungume da jakunkuna biyu, fuska murtuk kamar wanda aka hana bashi.

Faris, Brussels, Amsterdam, sai Kolon ta Jamus a hanyar komawa, duk a kwana uku. Ba mu ga ko ɗaya ba, jama'a. Wucewa muka yi ta cikinsu.

Hasumiyar Eiffel tana tsaye tun 1889, tsayinta mita 330, amma ba mu hau ba, wai layi ya yi tsawo kuma jirgin ƙasa ba ya jira. Aka juya mata baya, aka ɗaga yatsu biyu, ƙyas, a wuce. Gidan tarihi na Louvre kuwa ranar Talata muka dira, ranar da ba a buɗe shi kwata-kwata, domin shugaban tafiya ya tsara komai a takarda in ban da wannan. A Brussels aka ja mu da sassarfa, kamar an ce gobara ta tashi, don mu ga gunkin wani yaro mai fitsari da bai kai tsayin ƙwaurina ba. Majami'ar Kolon an fara gina ta a 1248, ba a gama ba sai 1880. Shekara 632 aka ɗauka kafin a gama ɗora dutse kan dutse, mu kuma muka ba ta minti goma, shi ma don tana bakin tashar jirgi ne. Wannan shi ne gani?

Na san abin da za ku ce. Biza ta yi wuya, kuɗinta kaɗai Yuro 90 ne, ba lallai a sake samu ba, gara a kwashi abin da ya samu. To sannunku da lissafi. Wanda ya sha wuya kafin ya samu akushin tuwo ai zama yake yi ya ci, ba ya bin akushi huɗu yana lakatar miya yana gudu. Masu cewa hoto shi ne abin tunawa kuma, me za a tuna? Ƙeyarmu ce ta ga wuraren nan.

Tsakani da Allah, awa ɗaya kacal nake tunawa a duk tafiyar. Mun shiga babban masallacin Faris don yin azahar, wanda aka buɗe a 1926 don karrama sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙin duniya na ɗaya. Bayan salla ƙafa ta ƙi, muka zube a wurin shan shayinsu, aka kawo shayi mai na'ana'a. Nan ne kawai muka yi hira irin ta abokai, har na ji cewa ɗayanmu ya kusa aure. Mutumin da muka kwana ɗaki ɗaya dare biyu! Da gari ɗaya muka zauna wa kwana ukun nan, da an ga garin, an kuma ga juna.

Mutumina, na san kana karantawa. Ba gaba nake yi da kai ba, amma nan gaba ka cire sunana daga jadawalinka, ko ka bar ni a gari na farko ku same ni a dawowa.

Af, kuma don Allah mai shirin zuwa ya saka 'yar ƙaramar buta a jaka. Tashar da muka shiga sai da aka biya kuɗi kafin a buɗe mana ƙofar bayan gida, ka biyan kuma ka tarar ba ruwa sai takarda. Robar ruwan sha ce ta fitar da ni kunya, har yanzu tana cikin jakar.