Alan Rabinowitz da Burtalin Damisa

Alan Rabinowitz, masanin namun daji ɗan Amurka da ya mutu a ranar 5 ga Agusta, 2018 yana da shekara 64, an fi tuna shi da manyan gandun dajin da ya sa gwamnatoci suka keɓe domin damisa da danginta. Ni a ganina, abin da ya fi waɗannan gandu daraja a aikinsa shi ne yadda ya gane da kansa cewa gandu kaɗai ba ya ceton dabba, kuma ya yarda ya sauya hanya bayan ya riga ya yi suna da tsohuwar hanyar.

An haife shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York a ranar ƙarshe ta shekarar 1953, ya kuma tashi da i'ina mai tsanani, har ta kai makaranta ta ware shi cikin ajin yaran da ake ganin suna da matsalar ƙwaƙwalwa, alhali lafiyarsa ƙalau, harshen ne kawai yake sarƙewa. Kamar yadda ya sha faɗa, a gaban dabbobi ne kaɗai maganarsa take fita sumul. Mahaifinsa yakan kai shi gidan namun daji na Bronx, inda yakan tsaya gaban kejin wata tsohuwar jaguwa, wato damisar nahiyar Amurka mai faɗin kai da ƙarfin muƙamuƙi, ya yi mata raɗa cewa in har ya samu bakin magana, zai yi magana a madadinsu. Yara da yawa kan yi irin wannan alkawari su manta. Shi ya riƙe nasa har ya zama sana'arsa.

Bayan ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Tennessee a 1981, fitaccen masanin nan George Schaller ya tura shi ƙasar Beliz a Amurka ta Tsakiya ya nazarci jaguwa. A kwarin Cockscomb ya zauna cikin mutanen Maya, 'yan asalin yankin, yana ɗana tarko, yana sa wa dabbobin abin wuya mai na'urar rediyo domin ya san inda suke bi. Aikin ya zo da asara: jirgin saman da yake bin sawunsu da shi ya faɗi da shi, wani mai taimaka masa kuma maciji ya sare shi ya mutu. Amma a can ya gano wani abu da ya kamata duk mai kiwo ya ji. Da ya duba gawarwakin jaguwar da aka kashe bisa laifin cin shanu, sai ya tarar da yawancinsu suna ɗauke da tsohon raunin bindiga, wasu ma da harsashi a ka ko a baki. Ashe dabbar da aka harba ba ta mutu ba, ta kasa kamun naman daji, ita ce take komawa kan ɗan maraƙin da ba ya iya gudu. Mai bindigar da yake ganin yana kare garkensa, sau da yawa shi ya haifar da ɓarnar. Da irin wannan hujja ya shawo kan gwamnatin Beliz, aka hana farauta a Cockscomb a 1984, sannan a 1986 wurin ya zama gandu na farko a duniya da aka keɓe musamman domin jaguwa.

Daga nan ya yi aiki a dajin Huai Kha Khaeng na ƙasar Tailan, sai kuma Myanmar, inda sunansa ya ƙara fitowa kuma inda aka fi sukarsa. A tsaunukan arewacin ƙasar ya gamu da wata 'yar ƙaramar barewa da kimiyya ba ta san da ita ba, wadda mafarauta suke cewa ganye ɗaya ya isa a ƙunshe ta. Ya kuma lura cewa mutanen wurin suna kashe namun daji ne domin su yi musayar fata da ƙaho da gishiri, saboda gishirin ya fi komai wuyar samu a wajensu, don haka ya sa samar musu da gishiri cikin tsarin kare dajin. Wannan tunani ne na mutumin da ya zauna da jama'a ya saurare su.

Sai dai a Myanmar ɗin ne ya zauna teburi ɗaya da gwamnatin soja da duniya ta juya wa baya, har aka kafa gandun kwarin Hukawng a 2001, aka faɗaɗa shi daga baya ya haura murabba'in kilomita 21,000, ya zama mafi girma a duniya da aka ware wa damisar Asiya mai ratsi-ratsi. Masu kare haƙƙin ɗan'adam sun ce ya wanke sojoji ne kawai. Shi kuwa amsarsa ita ce damisa ba za ta iya jiran dimokuraɗiyya ba. Ban ga laifinsa ba da ya shiga, domin mai son ceton daji ba shi yake zaɓar wanda ke mulkin ƙasa ba. Amma dole a faɗi abin da ya biyo baya. Gwamnatin da ta sa hannu a takardar gandun ita ce ta bar masu haƙar zinariya suka cika kwarin, ita ce kuma ta ba wani babban kamfani fili mai faɗi a ciki domin noman rogo da rake, aka tashi manoma daga gonakinsu. Da yaƙi ya sake ɓarkewa a jihar Kachin, inda kwarin yake, a 2011, sai sintiri ma ya gagara. Gandu mafi girma ya zama wurin da da ƙyar ake ganin sawun damisa. Girman fili a taswira bai tsinana komai ba tunda waɗanda ke zaune a ciki ba su da ta cewa.

Abin da ya sa nake girmama shi shi ne inda ya dosa a kashi na ƙarshe na rayuwarsa, bayan likitoci sun shaida masa a 2001 cewa yana da sankarar jini. A daidai lokacin ne binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa jaguwa, tun daga Meziko har Ajantina, jinsi ɗaya ce da ba ta rarrabu ba. Ma'anar wannan ita ce samarin jaguwa suna barin inda aka haife su, suna ratsa gonakin lemo da wuraren kiwo da koguna cikin dare, har su kai wani daji su hayayyafa a can. Rabinowitz ya fahimci cewa abin da ya riƙe jinsin shi ne waɗannan hanyoyi da ke bi ta ƙasar mutane, kuma ranar da suka toshe, kowane gandu zai zama kurkukun da dangi ke auren dangi har su ƙare. Duk wanda ya san burtali ya san wannan magana: makiyaya da mashaya ba su da amfani idan an nome hanyar da ta haɗa su. Da ya bar ƙungiyar kare namun daji ta Wildlife Conservation Society bayan kusan shekara 30 yana mata aiki, ya koma Panthera, ƙungiyar kare damisa da danginta, wadda shi da attajiri Thomas Kaplan suka kafa a 2006, ya sa burtalin jaguwa a gaba. Aikin ya koma na lallashin mai gidan kiwon shanu ya kwana da maruƙansa a cikin shinge, da roƙon injiniyan hanya ya bar wa dabba mashiga, da shawo kan gwamnatoci su sa hanyoyin cikin tsarin rabon ƙasa. Ba aiki ne mai jawo hoto a jarida ba, kuma ba ya ƙarewa da sa hannun shugaba ɗaya.

Wannan ƙungiya tasa ce ta kawo mana labarin da ya shafe mu kai tsaye. A Janairun 2014, wani bincike da Philipp Henschel na Panthera ya jagoranta ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, manya masu haihuwa kuma ba su kai 250 ba. Cikin gandu 21 da aka duba, a huɗu kawai aka same su: Niokolo-Koba a Senegal, Yankari da Tafkin Kainji a Najeriya, sai haɗakar W, Arly da Pendjari da ta ratsa Nijar da Burkina Faso da Benin, inda kusan kashi 90 cikin 100 suke. Sauran 17 suna nan da sunayensu da iyakokinsu a takarda, amma ba a tabbatar da zaki ko ɗaya a cikinsu ba. Wurin da ya fi riƙe zakuna shi ne wanda dazukansa suke haɗe da juna, kuma a yau shi ma 'yan bindiga sun mamaye wani ɓangarensa, kamar yadda yaƙi ya yi wa Hukawng. 'Yan zakunan Yankari kuwa, in har da sauransu, suna can su kaɗai, gonaki sun kewaye su, kuma makomarsu ta rataya ne a kan ko makiyayin da ya rasa saniya a bakin gandun zai samu wanda zai saurare shi kafin ya zuba wa mushen guba.