Lasisin Taragon Tunis da Ƙauracewar 1912

Masu cewa Turawan mulkin mallaka sun kawo wa Afirka doka da tsari, ina roƙonsu su duba tarihin taragon lantarki na cikin birnin Tunis, domin a can ake ganin wanda dokar ta tsaya wa. Faransa ta mamaye Tunisiya a 1881, ta bar sarki a kan gadonsa, amma wuƙa da nama suna hannun wakilinta. A ƙarƙashin wannan tsari ne wani kamfanin Faransawa ya riƙe izinin tafiyar da taragon a titunan birnin, yana karɓar kuɗin fasinja daga hannun mutanen da ba a taɓa neman shawararsu ba.

A watan Fabrairun 1912, wani tarago da ɗan Italiya yake tuƙawa ya take wani yaro ɗan ƙasa, yaron ya rasu. Dama zukata a dagule suke, saboda Italiya ta auka wa Libiya a 1911, kuma a Nuwamban shekarar an zubar da jini a rikicin da ya ɓarke tsakanin 'yan gari da hukumar mulkin mallaka kan maƙabartar Jallaz ta birnin Tunis. Sai jama'ar gari suka ƙaurace wa taragon, ɗan kasuwa da ɗalibi da lebura suka koma takawa da ƙafa, taragai suna wuce su a kan titi kujeru babu kowa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne irin buƙatun da suka gabatar. Sun nemi a biya ma'aikaci ɗan Tunisiya daidai da Bature idan aikinsu ɗaya ne, a rage gudu a unguwanni masu cunkoso, a kuma rubuta alamomi da Larabci, harshen masu garin. Sun haɗa da neman korar ma'aikata 'yan Italiya, wanda a ganina zafin rai ne ya kawo shi. Amma sauran, ai abubuwa ne da ya wajaba duk hukumar da ta san darajar ran talakanta ta gindaya wa kamfani tun kafin ta sa hannu a takardar izini. Tun da har sai da aka yi asarar rai kafin a yi maganarsu, ya tabbata cewa hukumar da ta ba da lasisin ba ta ɗauki kanta mai ba da bahasi ga mutanen Tunis ba.

Da al'amari ya yi tsamari, gwamnatin Gabriel Alapetite, wakilin Faransa, ta ɗauki ƙauracewar a matsayin tawaye. A watan Maris aka kama jagororin ƙungiyar Matasan Tunisiya, aka kori wasunsu daga ƙasar, ciki har da lauya Ali Bash Hamba da Abdul'aziz Sa'alibi. Bash Hamba ya rasu a Santambul a 1918. Sa'alibi kuwa shi ya jagoranci jam'iyyar Dastur da aka kafa a 1920, wadda ta tsaya kan neman tsarin mulkin da zai taka wa wakilin Faransa birki.