Ambazoniya: ƙasar da ba ta mulkin komai sai ranar Litinin

Maƙwabcina a Garwa direban babbar mota ne, albasa yake ɗauka zuwa kudu. A da har Bamenda yake kaiwa, ya sauke, ya ɗoro goron Banso ya juyo. Yanzu Bafusam ce iyakarsa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida ya ce min, "Malam, in Litinin ta riske ka a can, sai dai ka kashe mota ka kwanta a ƙarƙashinta, albasa na ruɓewa kana jin warinta." Ya ce jandarma zai tare ka ya nemi katin shaida, gaba kaɗan yaran daji, mayaƙan 'yan aware, su tare ka, katin da ya cece ka ɗazu shi ne zai ja maka duka.

Wannan ita ce Ambazoniya yadda talaka ya san ta. Ranar 1 ga Oktoba 2017 'yan aware suka shelanta ta a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru, yankin masu jin Ingilishi, da tuta da take da shugaba, Sisiku Julius Ayuk Tabe. Babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da ita. Ba ta biyan albashin malami, ba ta gina asibiti, ba ta buga kuɗinta. Abin da take iya yi a kowane mako shi ne hana fita ranar Litinin, ranar da mutanen can ke kira kontri Sande: kasuwa a kulle, ɗan acaba a gida, wanda ya buɗe shago ya sayi rigima.

Kada wannan ya sa mu ce ƙorafin mutanen ƙarya ne. Yana da tushe, kuma da hannun namu a ciki. A ƙuri'ar 11 ga Fabrairu 1961, yankin su Mubi ya zaɓi Najeriya, Kudancin Kamaru na Ingila ya zaɓi haɗewa da mu, Kamarun Faransanci, bisa sharaɗin tarayya. Shugaban ƙasa na lokacin, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwar nan, shi ya soke tarayyar da ƙuri'ar 20 ga Mayu 1972. A 1984 Paul Biya ya mayar wa ƙasa sunan da ɓangaren Faransanci yake da shi kafin haɗewa. Mu a nan abin bai dame mu ba, su kuwa sun ga an share su daga takarda. Da lauyoyi da malaman makaranta suka fito a ƙarshen 2016, ba ɓallewa suka nema ba. Kuka suke an cika musu kotuna da azuzuwa da alƙalai da malaman da ba su jin Ingilishi, ba su san tsarinsu ba. Aka amsa musu da kulki da kamu, aka yanke musu intanet wata uku a 2017. Masu sassauci suna kurkuku, sai fili ya koma hannun masu bindiga. A Janairun 2018 aka kama Ayuk Tabe a Abuja aka kawo shi Yawunde, kotun soja ta yi masa ɗaurin rai da rai a 2019, kuma faɗan bai ragu ba. Ƙungiyar ce ta tarwatse gida-gida, kowane daji da nasa janar, manyan kuma suna Amurka da Turai suna aiko da umarni ta waya.

Abin da ba zan iya yafe wa 'yan Amba ba shi ne makaranta. Gwagwarmayar da malamai suka fara ta koma ƙona azuzuwa da sace ɗalibai. Ranar 24 ga Oktoba 2020 'yan bindiga suka shiga wata makaranta a Kumba suka kashe yara bakwai suna cikin aji. Akwai yaran da aka haifa lokacin da aka fara wannan abu, yau sun isa aike, ba su taɓa riƙe alli ba. Wa za su yi wa aiki in ƙasar ta samu?

A dubi Somaliland. Ta ɓalle daga Somaliya a 1991, ta yi sama da shekara talatin ba wanda ya amince da ita a duniya. Amma dattawanta sun zauna a Borama a 1993 suka sasanta ƙabilu, aka buɗe makarantu, aka buga kuɗi, tashar Berbera na aiki, har a 2024 shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. Tana da nata aibin, amma mutumin Hargesa, babban birninta, ya san inda zai kai ƙara. Mutumin Kumbo, a jihar Arewa maso Yamma ta Kamaru, yana da hukuma biyu, kowacce na karɓa a hannunsa, kowacce na zarginsa da yi wa ɗayar leƙen asiri.

Mu 'yan arewacin Kamaru muna jin labarin kamar na wata duniya, alhali 'yan uwanmu na tsakiya. Hausawan Abakwa tun kakanni suke Bamenda. Fulanin Mbororo na tsaunukan can an sace musu shanu, an kama 'ya'yansu don kuɗin fansa. Sai dai gaskiya ɗaya ce ko a kan wa ta faɗa: a Ngarbuh, ranar 14 ga Fabrairu 2020, an kashe fararen hula fiye da ashirin, yawancinsu yara, kuma gwamnati da bakinta, bayan ta musanta, ta amsa cewa sojoji ne tare da 'yan banga. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce Fulani ne 'yan bangar. Duk wanda ya ba makiyayi bindiga ya tura shi kan maƙwabcinsa manomi, ya bar masa gabar da soja ba zai tsaya ya biya ba ranar da aka janye shi.

Ban goyi bayan raba Kamaru ba. Amma matsayi na musamman da aka ba yankin bayan babban taron ƙasa na 2019 bai taɓa inda ke ciwo ba: har yau Yawunde ke naɗa gwamna, daga can kuɗi ke fitowa. A bar mutane su zaɓi gwamnansu, a bar musu kotu da makaranta bisa tsarin da suka gada, a zauna da waɗanda ke tsare tunda da su ake rigimar. Kanada ta sanar a Janairun 2023 cewa ɓangarorin sun yarda su tattauna, kwana kaɗan gwamnati ta ce ba ta ɗora wa kowa wannan aiki ba. 'Yan majalisarmu na Garwa da Marwa da Ngawundare suna da bakin da za su tambayi dalili, kuma gwamna zaɓaɓɓe mu ma muna bukatarsa.