Talatu Mai Goshi

Bayan isha'i ne a teburin mai shayi. Ɗan Boko ya kunna wata waƙa a wayarsa yana gyaɗa kai, Alhaji Bakano na juya cokali, Maroƙi kuma ya jingine kalangunsa a ƙafar benci.

Maroƙi: Malam, wayar ce ta faɗa ruwa ko haka kiɗan yake?

Ɗan Boko: Haka yake. Talulah Gosh ke nan, 'yan garin Oxford a Ingila.

Alhaji: Talatu wa?

Ɗan Boko: Talulah Gosh, Alhaji. Sunan ƙungiyar ne.

Alhaji: To, Talatu mai goshi. Allah ya ƙara mata.

Ɗan Boko: A 1986 suka fara. 'Yan mata biyu ne, Amelia Fletcher da Elizabeth Price, suka haɗu a wurin rawa, kowace ta maƙala bajon mawaƙan da take so, The Pastels. Suka ga bajonsu iri ɗaya, shi ke nan suka ƙulla.

Alhaji: Saboda bajo? Ni ɗan'uwana ma da muke ciki ɗaya sai na ga jarinsa kafin mu haɗa hannu.

Ɗan Boko: Sai Amelia ta ɗauko ƙaninta Mathew ya riƙe ganga.

Maroƙi: Nan kam ta yi dabara, ƙani ba ya tambayar kaso. To, wa suke yi wa waƙa? Sarauniya?

Ɗan Boko: A'a.

Maroƙi: Hakimi? Attajiri? Ko dai ɗan majalisa?

Ɗan Boko: Waƙoƙin soyayya ne da shiririta irin ta ƙuruciya. Da yawansu ba su wuce minti biyu da ɗoriya ba.

Maroƙi: Minti biyu! Ni a minti biyu ko kakan mutum ban iso ba, balle in zo kansa ya sa hannu a aljihu. Waye ubangidansu?

Ɗan Boko: Ba su da shi. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne a Edinburgh yake buga musu faifai, sunansa 53rd & 3rd.

Alhaji: Wannan suna ne ko lambar rumfa?

Ɗan Boko: Mahaɗar tituna biyu ce a New York.

Alhaji: Kamfani a Edinburgh, adireshi a Amurka. Wannan ya ci bashi ne yana ɓuya.

Ɗan Boko: Akwai ma waƙarsu da ta fito a wani faifai na roba mai laushi, irin wanda ake cusawa cikin mujallun da matasa ke bugawa da kansu. Ka sayi mujalla, ka tarar da waƙa a ciki.

Alhaji: Gyara ke nan. Kamar yadda mai tumatir ke ɗora maka attaruhu biyu.

Ɗan Boko: Kar ku raina su fa. Har BBC ta kira su, sun yi wa John Peel waƙa a shirinsa.

Maroƙi: Wallahi ƙarya! Kullum ina jin BBC safe da yamma, ban taɓa jin an gai da Talatu ba.

Ɗan Boko: Ba Sashen Hausa ba, Radio 1.

Maroƙi: Au, ƙaramar.

Ɗan Boko: Faifansu duka ba su kai goma ba, kuma ƙanana ne. Babban kundi guda ba su taɓa zama sun yi ba. Tattara waƙoƙin aka yi wuri ɗaya aka sa masa suna Rock Legends: Volume 69.

Alhaji: Na 69? Ina sauran 68 ɗin?

Ɗan Boko: Babu su. Zolaya ce.

Alhaji: Kai! Ashe akwai ɗan kasuwa a cikinsu. Ni ma a allon shagona "reshe na uku" na sa aka rubuta.

Mai shayi: Ina na ɗaya da na biyu, Alhaji?

Alhaji: Kai da wa? Zuba madara.

Ɗan Boko: A 1988 suka watse.

Maroƙi: Innalillahi! Shekara biyu? Fatar kalangun nan ta fi su daɗewa. Rabon kuɗi ne ya haɗa su, ba ko tantama.

Ɗan Boko: Da faɗa ne da ba su sake haɗuwa ba. A 1989 yawancinsu suka dawo da sabon suna, Heavenly.

Alhaji: Na ce maka bashi ne. Duk wanda ya sauya sunan shago, ka bincika.

Maroƙi: Allah sarki. Yanzu suna can suna bin gidajen biki ana korarsu.

Ɗan Boko: Elizabeth, wadda ta fice tun kafin a watse, ita ta ci kyautar Turner a 2012, babbar kyautar masu fasaha ta Birtaniya. Fam 25,000.

Alhaji ya ajiye cokali, ya fara lissafi da yatsu, leɓensa na motsi.

Maroƙi: Da waƙa?

Ɗan Boko: Da aikin bidiyo. Mai jitarsu kuma, Peter Momtchiloff, ya zama editan littattafan falsafa a maɗaba'ar Jami'ar Oxford.

Maroƙi (ya kalli kalangunsa): Shekara talatin ina rataye da kai, ko ajin yaƙi da jahilci ba ka kai ni ba.

Alhaji: Ita uwar tafiyar fa? Mai goshin?

Ɗan Boko: Amelia? Digiri na uku ta yi a fannin tattalin arziki. Daga 2001 zuwa 2013 ita ce babbar masaniyar tattalin arziki a Office of Fair Trading.

Alhaji: Madalla, 'yar gida ce ashe. Me suke sayarwa?

Ɗan Boko: Ba sa sayar da komai. Hukuma ce ta gwamnati da ke farautar 'yan kasuwar da ke haɗa baki su tsauwala farashi.

Mai shayi: Allahu akbar! Malam, samo mini lambarta. Akwai wani buhun sukari da ya ƙara kuɗi sau uku cikin wata ɗaya alhali yana kwance a sito bai motsa ba.

Alhaji (ya miƙe yana laluben takalmi): Tana… tana zuwa ƙasashen waje?

Ɗan Boko: Ai an rufe hukumar tun 2014, Alhaji.

Alhaji (ya koma ya zauna): Alhamdulillahi. Ƙaro ƙwai biyu. Malam, maido mana waƙar nan daga farko, ashe da daɗi.