Ku daina wasa da bakin mutane da sunan saka waya

Wallahi abin da wasu wuraren gyaran haƙori ke yi ya isa haka. Mutum ya tara kuɗinsa da gumin goshi, ya je a daidaita masa haƙora, cikin minti arba'in an manna masa ƙarafa an zura waya an sallame shi. Ba hoto, ba awo, ba tambayar komai. Wannan aikin ganganci ne, kuma masu yinsa sun sani.

Waya na motsa haƙori ne a cikin ƙashi. Inda ta matsa ƙashi ya narke, inda ta ja sabo ya tofo. To ta yaya za ka tura abin da ba ka ga saiwarsa ba? Kafin a taɓa baki dole a ɗauki hoton da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya, sau da yawa har da na gefen kai, a ɗauki samfurin haƙoran, a cike duk wani rami, a wanke dattin da ya daskare. Idan dasashi na jini, shi ake fara magani. Wanda ya ɗaura waya a kan dasashi mai ciwo ya hanzarta zaizayewar ƙashi ne, haƙoran su fara girgiɗi.

Amma abin da ya fi ƙona rai shi ne tsafta. Filayar da ta shiga bakin wani ta taɓa yawu da jini, a goge ta da auduga da sifirit, a cusa ta bakin yaro na gaba. Haba! Ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya kwana 7 a kan ƙarfe da ranta, ko da jinin ya bushe, ko da ido bai ga komai ba. Sifirit ba ya wadatarwa, tafasasshen ruwa ma haka, domin zafinsa bai wuce digiri 100 ba. Ƙa'ida ita ce a wanke kayan, a busar, a rufe cikin leda ta musamman, a sa a na'urar turara kaya da tururi: digiri 121 na minti 30 ga kayan da aka naɗe, ko digiri 134 na kusan minti 4. A jikin ledar akwai alama mai sauya launi in zafi ya taɓa ta. Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar turarawa, wannan zagayen ya ɓaci, sai an sake daga farko. Nawa ne ke sakewa? Nawa ne ke ƙin tayar da janareta saboda tsadar mai, su kwashe kayan haka nan? Wata na'urar ma ado ce kawai a lungu, ƙura ta rufe ta.

Ga kuma masu ɓamɓare ƙarafa daga bakin wanda ya gama, su manna wa sabon zuwa, su karɓi kuɗin sabo. Ga mai amsa kiran wayar salula da safar hannu, ya buɗe durowa, ya koma bakin mutum da ita. Allah wadai.

Aikin kansa yana da tsari. Ana shafa wa fuskar haƙori sinadari na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar sosai, sannan gam ya kama. Yawu kaɗan ya shiga, ƙarfen zai faɗi cikin kwanaki, a ce wai majinyaci ne ya ci ƙashi, ya sake biya. Waya ta farko siririya ce mai laushi, kamar mai kaurin inci 0.014, a hankali ake hawa zuwa mai tauri, ana ganin mutum duk bayan mako 4 zuwa 8. Mai gaggawar burge kwastoma sai ya tsananta ja. Ƙarfin da ya wuce kima yana cinye tsinin saiwa, wani lokaci ya kashe jijiyar haƙori ya yi baƙi, kuma saiwar da ta gajarta ba ta dawowa. Aikin da kan ɗauki wata 18 zuwa 24, wanda ya yi maka alkawarin gamawa a wata 3 ka tuhume shi.

Ba a kuma koya wa mutane wankin baki. Datti ya taru kewayen ƙarafa, cikin wata guda fararen tabo su fara fita, mafarin ruɓewa ke nan. A cire waya ba a ba da abin riƙe haƙora ba, su koma gidan jiya, kuɗi ya tafi a banza.

Hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, wato MDCN, ce ke ba likitocin haƙori lasisi a Najeriya, ma'aikatun lafiya na jihohi ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista. To ina masu duba su? Masu manna waya a shagon kwalliya suna talla a Instagram da TikTok da tsakar rana, ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Kafin ka buɗe baki ka nemi ganin lasisin bana, ka ce a yage ledar kayan aiki a gabanka, ka nemi hoton haƙoranka da tsarin maganin a rubuce. Wanda ya ɓata rai don ka tambaya, tashi daga kujerarsa.