Filin golf na bakin teku ba sakaci ba ne

Na gaji da jin masu wasan golf suna cewa filayen bakin teku na Sikotilan, waɗanda ake kira links, ba a tsara su da kyau ba. Hujjarsu ita ce babu bishiya, ciyawa ta bushe, ƙasa duk tudu da kwari, ga ramukan yashi a ɓoye. Wanda ya saba da fili kore shar, dole abin ya ba shi haushi.

Amma tsofaffin filayen nan ba wani ne ya zauna ya zana su ba. Rairayi ne tsakanin teku da gonaki, ba ya noma, sai kiwon tumaki. Iska ce ta tara tuddan, ita ce kuma ta hana bishiya tsayuwa. Shi ya sa gwanaye kan buga ƙwallo ƙasa-ƙasa ta yi ta gangarawa.

Ɗauki rami na 12, wato zango na 12 na wasan, a Old Course, tsohon filin golf na garin St Andrews a Sikotilan. Daga wurin bugun farko ba ka ganin ramukan yashin da ke tsakiyar hanya, sai ƙwallonka ta faɗa. A da akan zagaya filin ta ɗaya ɓangaren ne, daga can kuwa ga su nan ƙuru-ƙuru a gabanka.